Ɓoyayyen Tsari a Cikin Ƙarfe: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini

Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare a nan Kumasi, a Aboabo nake zaune. Duk ranar Asabar bayan La'asar, yaran unguwarmu da ke karatu a Tek, wato jami'ar KNUST, sukan taru a zauren gidanmu mu warware lissafi. Wata rana na yi suɓutar baki na ce binciken digirina na biyu a kan wani ƙarfe ne mai suna URu2Si2, ɗaya daga cikin waɗanda ake kira famiyon mai nauyi, da ya shekara arba'in yana yi wa masana wasan ɓuya. Tun ranar ban sake hutawa ba. Tambayoyin sukan maimaita kansu, a zaure da kuma a WhatsApp, shi ya sa na tattara su wuri guda. Wanda ya manta lissafin sakandare kada ya firgita, ba doguwar ƙa'ida ko ɗaya a nan.

Malam, mene ne famiyon mai nauyi? Elektiron ƙiba yake yi?

Famiyon sunan dangi ne, an ciro shi daga sunan Enrico Fermi, masanin fiziks ɗan Italiya. Elektiron ɗan wannan dangi ne, kuma shi kaɗai muke nufi a nan.

Ƙiba kam ba ya yi, tafiyarsa ce ke yin nauyi. Ɗauki dattijon da ya fito gida a Sabon Zango zai je masallaci, tafiyar da yaro zai yi cikin minti uku. Kowace ƙofa sai ya tsaya: ina kwana, ina gajiya, ya mai jiki, yaushe aka dawo daga Tamale. Kafin ya isa an yi rabin awa. Wanda ke hango shi daga saman bene, bai san gaisawa yake ba, cewa zai yi tsohon nan jiki ya yi nauyi.

A jan ƙarfen wayar lantarki elektiron kamar yaron yake, ba ruwansa da kowa. Amma akwai haɗe-haɗen ƙarfe masu siriyam, ko itabiyam, ko yuraniyam, inda kowane atam ke riƙe da wasu elektiron 'yan zaman gida, waɗanda ake kira na ɗakin f. Mai wucewa dole ya tsaya ya gaisa da su. Gaisuwar ma ba a ƙofa take ƙarewa ba, mai gidan yakan fito rakiya har ka kasa bambance baƙo da mai gida. Wannan ayari na mai wucewa da ɗan rakiya shi ke tafiya kamar ya ninka nauyin elektiron sau ɗari, wani lokaci sau dubu.

A 1975 Andres, Graebner da Ott suka fara ganin haka a CeAl3, haɗin siriyam da alminiyam. Siriyam ɗin ba baƙo ba ne gare mu: 'yar ƙanƙarar da ke ba da tartsatsi a layita, shi ne kaso mafi girma a cikinta.

Tunda ba a ɗora shi a sikeli, da me aka auna nauyin?

Da zafi. Ana ɗaukar ɗan guntun ƙarfen, bai fi ƙwayar shinkafa ko ta wake ba, a sanyaya shi, a riƙa ba shi zafi kaɗan kaɗan ana duba yadda ma'auni ke hawa. Elektiron masu nauyi sun fi shan zafi kafin ma'auni ya motsa. Lambar da ke nuna wannan ana kiranta gamma. A jan ƙarfe kimanin 0.7 ce. A CeAl3, da awo iri ɗaya, ta kai kimanin 1,600.

Sai dai a san irin sanyin da ake magana. Masana da ma'aunin Kelbin suke aiki, wanda ke farawa daga ƙarshen sanyi, digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa. Safiyar hunturun da muke lulluɓa da bargo muna neman koko mai zafi, digiri 20 ce, wato Kelbin 293. Nauyin elektiron kuwa ba ya bayyana sai an gangara ƙasa da Kelbin 10 ko kusa da haka, inda sai da ruwan iskar hiliyam ake zuwa.

Abin da ya jawo hankalin duniya ya faru a 1979, lokacin da Frank Steglich a Jamus ya ga CeCu2Si2 ya zama sufakondakta a wajen rabin Kelbin, wato lantarki na gudu a cikinsa ba turjiya ko kaɗan. Kafin nan an ɗauka maganaɗisu guba ne ga wannan hali. Mutane da dama ba su yarda ba sai da aka ga irinsa a UBe13 a 1983 da UPt3 a 1984.

Me ake nufi da "tsari" a maganar maganaɗisu?

Wannan a Suame Magazin na fi iya nuna shi. Na taɓa kai ɗalibaina rumfar wani maƙeri can, da maganaɗisun da muka ciro daga tsohuwar sifika. Ya sa guntun sifirin mota a wuta, yaronsa na hura iska, ƙarfen ya tashi daga baƙi zuwa ja. Ya ɗago shi da awartaki, na kawo maganaɗisun kusa: shiru, ko motsi. Muka tsaya muna kallo jan yana dushewa, can sai maganaɗisun ya fizge daga yatsuna ya manne, ƙwas. Yara suka yi shewa. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "Masta, ai da wannan muke gane ƙarfe ya nuna kafin mu tsoma shi a mai." Ilimin da na biya kuɗin makaranta na koya, shi kullum da shi yake cin abinci.

Kowane atam na baƙin ƙarfe yana da abu kamar allurar kamfas. Sama da digiri 770 zafi na wujijjiga allurorin, kowace ta kalli inda ta ga dama. Ƙasa da haka sai su daidaita sahu kamar an tayar da iƙama. Wannan sahu shi ne tsari.

Akwai wani irin sahun da ba a gane shi daga waje, inda allurorin ke kwanciya kai da wutsiya kamar sadin a gwangwani, ƙarfin wannan ya kashe na waccan. Louis Néel ɗan Faransa ya yi hasashensa tun shekarun 1930, amma ba a gani da ido ba sai 1949, da Shull da Smart suka harba niyutiron cikin MnO a Oak Ridge ta Amurka. Niyutiron na da tasa allurar, saboda haka yana jin sahun. A riƙe wannan labari, domin tsarin Néel ma ɓoyayye ne na fiye da shekara goma, har aka samo fitilar da ta dace.

Lev Landau ne a 1937 ya kafa dokar da kowa ke bi: duk irin wannan sauyin hali yana karya wani daidaito. Kafin iƙama kowace fuska daidai take da kowace, bayanta gabas ta fita daban. Aikin mai nazari shi ne ya faɗi wane daidaito ya karye, da wace lamba za a auna shi.

Ina Kondo da RKKY suka shigo? Kullum sai ka ambace su.

Su ne 'yan kokawa biyu da ke cikin kowane famiyon mai nauyi.

A 1934 a Leiden ta ƙasar Holan aka ga turjiyar zinariya tana raguwa da sanyi yadda aka saba, amma can ƙasa sai ta juyo ta fara hawa. Shekara 30 ba a san dalili ba, sai a 1964 Jun Kondo ɗan Japan ya nuna ɓurɓushin baƙin ƙarfen da ke cikin zinariyar ne. Elektiron masu wucewa sukan yi wa allurar kowane ɓurɓushi rumfa, suna juya nasu allurorin akasin tata, kamar mai masifa da jama'a suka kewaye ana ba shi haƙuri har muryarsa ta ɓace. Lissafin Kondo kansa yakan rikice idan sanyi ya yi tsanani. Kenneth Wilson ne ya ƙarasa shi da kwamfuta a 1975, da irin dabarar da ta kai shi ga kyautar Nobel a 1982. Gaisuwar dattijonmu, sunanta na boko ke nan.

RKKY baƙaƙen farko ne na sunayen Ruderman, Kittel, Kasuya da Yosida, da suka yi aikinsu tsakanin 1954 da 1957. A nan elektiron mai wucewa ɗan kai gulma ne: ya gaisa da wannan allura, ya kai wa ta gaba labarin inda ta kalla. Da haka allurorin ke haɗa baki su yi sahu.

Ga ja-in-jar ke nan. Kondo na son kashe kowace allura a gidanta, RKKY na son jera su. A 1977 Sebastian Doniach ya zana taswirar faɗan da lamba guda, J, wato ƙarfin gaisuwar. Idan J ƙarama ce RKKY ke cin nasara, a sami maganaɗisu. Idan babba ce Kondo ke rinjaye, allurori su ɓace, a sami elektiron masu nauyi. A ƙarafan siriyam matse kiristal na ƙara J, don haka mai gwaji na iya tura ƙarfen daga wannan ɓangare zuwa wancan.

Idan suka yi kunnen doki fa?

Nan ne sahun maganaɗisu ke mutuwa daidai a ƙarshen sanyi, ana kiran wurin mahaɗar kwantam. An same shi a CeCu6 idan aka maye gurbin ɗan jan ƙarfensa da zinariya, da kuma YbRh2Si2, wanda sahunsa ba ya kafuwa sai a Kelbin 0.07, ɗan ƙaramin maganaɗisu kuma ya isa ya rushe shi. A wannan wuri ƙa'idodin ƙarfe na yau da kullum sukan daina aiki. Mazhaba biyu ce a kai. Ta Hertz, Millis da Moriya ta ce elektiron masu nauyi na nan da ransu, igiyar maganaɗisu ce kawai ke kaɗa su. Ta Qimiao Si da Piers Coleman da abokan aikinsu, daga wajen 2001, ta ce rakiyar ce ke warwarewa gaba ɗaya, kowane mai gida ya koma ɗakinsa. Sau da yawa a daidai nan sufakondakta ke ɓullowa, kamar CeCoIn5 mai Kelbin 2.3.

To, ɓoyayyen tsarin fa?

Ƙarfen shi ne URu2Si2: yuraniyam ɗaya, ruteniyam biyu, silikon biyu. Tsakanin 1985 da 1986 ƙungiyoyi uku suka ba da rahoto a kansa: ta Palstra da John Mydosh a Leiden, ta Schlabitz a Jamus, da ta Brian Maple a San Diego. Siffar kiristal ɗin kamar doguwar akwati ce mai gindi murabba'i, yuraniyam a kowace kusurwa da ɗaya a tsakiya.

Abu biyu ke faruwa da shi. A wajen Kelbin 1.5 yana zama sufakondakta. Amma tun kafin nan, a Kelbin 17.5, awon shan zafi na yin tsalle babba mai kaifi. Turjiya ta yi ɗan tozo, yawan elektiron masu ɗaukar lantarki ya ragu ƙwarai. Maple ya ƙiyasta kimanin kashi 40 cikin ɗari na masu damar motsi an rufe musu ƙofa. Duk alamar sauyin hali ta cika. Da aka zo tambayar Landau, wane daidaito ya karye, sai aka yi cirko-cirko. Atam ba su canza wurin zama yadda za a gani ba. Sahun allura na a zo a gani babu. A shekarar 2000 Shah, Chandra, Coleman da Mydosh suka sa kalmar ɓoyayyen tsari a kan wata maƙalarsu, sunan ya bi shi.

Abin da ba a gani ba, yaya aka san yana nan? Ba shaci-faɗi ba ne?

Baffana ne ya yi wannan tambaya, yana daga tabarmarsa yana jinmu. Na ce, Baffa, ranar Juma'a idan ka makara kana bayan katangar babban masallaci, kana jin gunjin jama'a, sai kwatsam ka ji tsit, me za ka ce? Ya ce an tayar da salla. Na ce ka ga sahun? Ya ce ai ba sai na gani ba.

Awon shan zafi kunne ne irin wannan. Daga shi ake lissafa entirofi, wato yawan hargitsin da ke cikin abu. A Kelbin 17.5 hargitsin URu2Si2 na raguwa da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na abin da za a samu da a ce kowane yuraniyam na da zaɓi biyu aka tilasta masa ɗaya. Wannan ba ƙaramin shiru ba ne. An maimaita awon a ƙasashe da dama, da kiristal daban-daban, tsallen na nan a wurinsa. Baffa ya ce to ku leƙa ta taga mana. Nan gizo ke saƙa: duk tagogin da muke da su an leƙa.

Na karanta an ga maganaɗisu a cikinsa da niyutiron. Ba shi ke nan ba?

An gani, kuma ya ɓata wa mutane fiye da shekara goma. A 1987 Collin Broholm da abokan aikinsa suka ga sahun kai da wutsiya, amma kowace allura ƙarfinta kimanin 0.03 ne na awon allurar elektiron guda. Allura mai wannan ƙanƙanta ba za ta iya kawo wancan babban shirun ba, kamar ka ce yara uku ne suka yi shiru masallaci ya mutu.

Matsi ne ya warware wannan. Daga 1999 Amitsuka da abokansa a Japan suka riƙa matse kiristal ɗin. Idan matsi ya wuce kimanin rabin gigafaskal, kusan ninki 5,000 na nauyin iskar da ke kanmu, ƙarfen na komawa maganaɗisun kai da wutsiya na sosai, allura 0.4. A 2001 awon NMR na Matsuda, wanda ke sauraron maganaɗisu daga cibiyar atam, ya nuna abin da ke ƙaruwa faɗin yankin mai maganaɗisu ne, girman allurar kuwa kusan yana nan yadda yake. Ma'ana, ko ba a matsa ba, akwai 'yan lungunan kiristal da suka takura, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari, su ne ke da allura 0.4. Niyutiron ya raba wannan a kan kowa ya ce 0.03. Kamar a sami attajiri ɗaya a unguwa, mai ƙidaya ya rubuta kowa na da sidi goma.

Amma wahalar ba ta tafi a banza ba. An gane ɓoyayyen tsari da wannan maganaɗisu maƙwabta ne na ƙut da ƙut. Awon da Hassinger da abokan aikinta suka yi a Grenoble ta Faransa a 2010 ya nuna yanayin elektiron kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Hakan na nuna ɓoyayyen tsarin ma bi-da-bi yake: yuraniyam na kusurwa na yin wani abu, na tsakiya na yin kishiyarsa. Mene ne abin, shi ne tambayar.

Waɗanne amsoshi masu nazari suka kawo?

Sun haura talatin. Amma idan ka tankaɗe su, rigima guda ce a ƙasa: elektiron na ɗakin f na yuraniyam, 'yan zaman gida ne ko matafiya?

Masu cewa 'yan zaman gida ne suna ɗauka kowane yuraniyam na riƙe da guda biyu, kuma siffar gajimarensu ce ke yin sahu. Mu jikokin fataken goro wannan ba zai yi mana wuya ba. Goron Gwanja ɓari biyu ne, hannun ruwa kuwa yakan yi uku, huɗu, har fiye. Ka jera hannun ruwa a faranti, tsagar wannan ta karkata dama, ta na kusa da shi ta karkata hagu, haka har ƙarshe. Tsari ne cikakke, amma mai wucewa daga nesa goro kawai zai gani. Allurar kamfas kai biyu gare ta. Gajimaren elektiron na iya yin kai huɗu, takwas, 16, ko 32, kuma iya yawan kawunan, iya saurin da ƙarfinsu ke kashe juna kafin ya fito waje. Santini da Amoretti a 1994 suka ce mai kai huɗu ne. Kiss da Fazekas a 2005 suka ce mai takwas. Haule da Kotliar na jami'ar Rutgers, a 2009, da lissafin kwamfuta mai suna DMFT, suka ce mai 16. Nasu yana da wani kyau: lamba guda ce mai fuska biyu, fuska ɗaya ɓoyayyen tsari, ɗayar maganaɗisun da matsi ke kawowa. Maƙwabtakar nan ta sami bayani ke nan.

Masu cewa matafiya ne suna kafa hujja da ƙofar da aka rufe wa kashi 40 ɗin nan, abin da ya fi kama da halin elektiron masu yawo. A 2002 Chandra, Coleman, Mydosh da Tripathi suka ce lantarki ne ke zagaye a 'yan da'irori tsakanin atam. A 2009 ƙungiyar Peter Oppeneer a Uppsala ta Suwidin ta ce allurorin na nan da girmansu, suna juyawa sama da ƙasa ne da saurin da niyutiron ke ganin kamar babu. A 2012 Ikeda da abokansa a Japan suka fara daga matafiya suka ƙare da mai kai 32, wato sun ci tuwon gida biyu.

Gwaje-gwaje ma ba su kashe gardamar ba. A 2011 Okazaki a Kyoto ya ba da rahoton cewa gindin nan murabba'i na rasa daidaitonsa, gabas da arewa su daina zama ɗaya, amma a ƙananan kiristal aka fi ganin haka, wasu kuma da suka auna da hasken eksire ba su ga karkacewar ba. A 2015 Kung da Blumberg, da hasken leza, suka ga alamar da ke cewa madubin tsaye ne ya karye: gajimaren yuraniyam ɗaya ya murɗa ta hannun dama, na gaba ta hannun hagu. Wannan ya yi kusa ƙwarai da mai kai 16.

Wanne ne "tsarin mashi" da muke ji?

Na Chandra, Coleman da Rebecca Flint ne, 2013. Sun ciro sunan daga hasta, mashi ke nan da Latin. Abin da ya dame su shi ne elektiron na wannan ƙarfe ba sa jin maganaɗisu sai ta tsawon akwatin. Ta gefe kuwa kamar kurame.

Ka ɗauki bidiyo ka mayar da shi baya: allurar maganaɗisu za ta kifa. Ka sake mayarwa, ta koma yadda take. Elektiron guda ba haka yake ba, bayan juyi biyu lissafinsa na ɗaukar alamar ɗebewa, sai an yi huɗu yake komawa daidai. Su ukun suka ce rakiyar da ke tsakanin yuraniyam mai elektiron biyu da matafiyi guda ita ce ke yin sahu, kuma irin wannan hali gare ta. Nazari ne mai ban sha'awa, kuma ya yi abin da ya kamata nazari ya yi, ya faɗi abin da za a je a duba: 'yar allura a kwance ta gefen akwatin. An duba da niyutiron a wurare fiye da ɗaya, ba a same ta ba. Masu shi sun ci gaba da yi masa gyara.

Kai Malam wanne kake bi?

Na fi karkata ga mai kai 16 da danginsa, saboda ya bayyana maƙwabtaka da maganaɗisu ba tare da dogon kwana ba, awon leza kuma ya ba shi ƙarfi. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Inda yake ɗingishi shi ne wannan ƙofa da aka rufe wa matafiya, wadda 'yan ɗaya mazhabar suka fi iya bayani.

Abin da na fi yarda da shi shi ne tambayar "gida ko tafiya" ita ce ta yi wa yuraniyam kaɗan. Elektiron f na siriyam ɗan ɗaki ne sosai, na ɗakin d a baƙin ƙarfe ɗan yawo ne, na yuraniyam kuwa a bakin zaure yake, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Lissafinmu na da ƙarfi a ɗaki, yana da ƙarfi a titi, a zaure yake rauni. Duk samfurin da ya fara da zaɓar ɓangare ɗaya ya riga ya zubar da rabin shaidar. Ina kuma da ɗan ƙorafi a kan masu nazari: da yawa sukan ɗauki gwajin da ya yi musu daɗi su yi shiru a kan wanda bai yi ba.

An taɓa tona irin wannan tsari a wani ƙarfen?

An yi. CeB6 na da wani hali a wajen Kelbin 3.3 da aka daɗe ana kira hali na biyu kawai, daga baya aka tabbatar masu kai huɗu ne suka jeru bi-da-bi. NpO2 na sauya hali a Kelbin 25, an san da haka tun shekarun 1950, sai bayan 2000 hasken eksire da aka saita daidai da atam ɗin ya nuna masu kawuna da yawa ne. A duka biyun elektiron 'yan zaman gida ne ba gardama, shi ya sa aka yi sauƙi.

Yuraniyam fa? Ba na bam ba ne?

Bam da tashar nukiliya da cibiyar atam suke aiki. Mu elektiron na bayan gari muke kallo. Guntun da ake gwaji da shi na yuraniyam ne da ba a tace ba, ɗan mitsitsi, ana dai kula da shi bisa dokokin kariya.

Me wannan zai amfana wa mai sayar da wake da shinkafa a Kejetiya?

Wata ɗalibata ce daga Asawase ta tambaya, kuma na ce mata: ƙanwata, yau kam ba komai. Ba wanda zai ja wayar URu2Si2 zuwa gidansa. Amma maganaɗisun da ke cikin sifikar wayarki na niyodimiyam ne, ƙarfinsa na jingine da elektiron na ɗakin f, kuma sai 1984 aka sanar da shi. Na'urar MRI ta asibiti da wayar sufakondakta take aiki, halin da aka gano a Leiden a 1911 ba tare da wani ya san amfaninsa ba. Famiyon mai nauyi kuma shi ne wurin da aka fara koyon cewa maganaɗisu na iya ɗaura wa elektiron aure su zama sufakondakta, ra'ayin da ake amfani da shi wajen fahimtar sufakondakta masu jure zafi da aka gano daga 1986.

Mutum na iya yin wannan bincike daga Gana?

Gwajin da wuya. Kafin a rushe ɓoyayyen tsarin da maganaɗisu sai an kai kimanin tesla 35 a awon ƙarfin maganaɗisu, alhali na MRI galibi 1.5 ne. Muna da tukunyar nukiliya ta bincike a Kwabenya kusa da Akra, ƙarƙashin Hukumar Makamashin Atam ta Gana, amma kimanin kilowat 30 ce, an fi amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa, abinci da ma'adinai. Ta Grenoble da ake irin wannan awo megawat 58 ce.

Nazarin kuwa takarda, biro da kwamfuta yake so, kuma muna da gado a ciki. Farfesa Francis Allotey, ɗan Saltpond da ya koyar a Tek ya rasu a 2017, sunansa ya fito ne daga aikinsa na shekarun 1960 a kan hasken eksire da ƙarfe ke fitarwa, inda tekun elektiron ke amsa ramin da aka bari a cikin atam guda. Lissafin wannan matsala ɗan'uwan lissafin Kondo ne na jini, har Anderson da Yuval sun aro dabarar matsalar eksire suka tunkari ta Kondo da ita. Ga mai son ci gaba akwai cibiyar lissafi ta AIMS a Gana, akwai ICTP a Trieste ta Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 domin irinmu. Maƙaloli na arXiv kyauta ne, haka manhajoji irin su Quantum ESPRESSO da TRIQS.

Shawara ɗaya daga wanda ya sha: ka sa shirinka ya riƙa ajiye sakamako duk bayan ɗan lokaci. Na taɓa barin lissafi kwana biyu yana gudu, saura ƙiris, dumso, wato ɗauke wuta, ta yi halinta, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da mutuwa. Na zauna a duhu ina jin janaretan maƙwabci.

Daga ina zan fara?

Daga kwantam ta shekara ta uku, musamman yadda ake haɗa allura biyu. Sai samfurin Anderson na 1961, atam guda a cikin tekun elektiron. Asabar mai zuwa za mu yi mafi ƙanƙantarsa a allo: ɗan zaman gida ɗaya, matafiyi ɗaya, jadawalin lambobi huɗu sau huɗu, ku ga da idonku yadda allurar ke ɓacewa idan J ta shigo. Bayan nan mu ƙara gida na biyu, RKKY ya fito. Ku zo da kwamfuta cike da caji, soket ɗin zauren guda ɗaya ne.